Igiya a Hannun Suruki

A shekarun da gyaɗa ke da daraja a ƙasar Maraɗi, Shu'aibu ya sayar da gonar gadonsa ya sayi motar ɗaukar kaya mai rufi, yana jigila tsakanin Gabi da Madarumfa da Ɗan Issa. Ban da motar nan ba shi da komai a duniya sai matarsa Ramatu da tabarmar kwana.

Wata rana cikin damina ya taso daga Gabi da buhunan wake, ya shiga mashigin gulbi, ƙafafun baya suka nutse cikin yashi. Ruwan bai wuce idon sawu ba. Amma hadari ya yi baƙi ƙirin ta wajen Jibiya, kuma duk wanda ya tashi a bakin gulbin nan ya san ruwan da aka yi can, nan yake sauka.

Shu'aibu ya san abin yi. A ƙarƙashin motar akwai ƙarfe mai kauri wanda dukan jikinta ke zaune a kai. A ɗaura igiya a nan, shanu su ja, shi ke nan. Ya aika gari a samo shanun huɗa. Sai ga shanu, sai ga jama'a, sai ga wanda ke gaba da igiya a kafaɗa: Malam Tanko, uban Ramatu.

Malam Tanko ya yi suna wajen fitar da saniya daga taɓon tafki, kuma an yaba shi har yabon ya hau masa kai. Mota kuwa, ko cikinta bai taɓa shiga ba. Shu'aibu ya tuɓe takalmi ya durƙusa cikin ruwa ya sunkuyar da kai, yadda mijin 'ya ke yi, zuciyarsa na cewa yau ya shiga uku.

Tsoho ya zagaya motar yana bubbuga ta da sanda.

"Mu dai ga ƙaho mukan kama saniya in ta kahe," in ji shi. "Ga ƙahon wagga can bisa."

Ya nuna ƙarafan ɗora kaya na saman rufi, waɗanda 'yan ƙusoshi kawai ke riƙe da su. Jama'a suka ce lalle haka ne, kamar an taɓa haihuwar mota a gidajensu.

Mutum ba ya gyara wa uban matarsa magana, balle a bainar jama'a. Ba ya kuma tuɓe riga a gabansa ya kwanta rub da ciki ya kutsa ƙarƙashin mota. Sai Shu'aibu ya yafito abokinsa Idi, ya raɗa masa:

"Tahi ka gaya mishi wagga ba saniya ba ce. Ƙarhen kirki na ƙasa, ƙarƙashin cikinta."

Idi, wanda shi ma ladabi ya cinye masa hankali, ya je ya tsuguna.

"Baba, ɗanka ya ce sannu da ƙoƙari. Ya ce ko bisa ko ƙasa, yadda ka gani."

"Ɗan albarka," in ji Malam Tanko, ya ƙulla igiyarsa a sama.

Aka kaɗa shanu. Ƙarafan suka ɓalle gaba ɗaya, suka yage rufin, buhunan wake suka zube cikin ruwa. Motar ko motsi ba ta yi ba.

"Ƙahon nata ruɓaɓɓe ne," in ji tsoho, ko kunya babu. "A kama haɓa."

Haɓar ita ce farin ƙarfen nan mai ƙyalli na gaban mota. Shu'aibu ya dubi ruwa ya ga ya kai ƙwauri, ya fara ja-ja, yana tafe da karare. Ya sake kiran Idi.

"Don Allah, don Annabi, ka ce mishi ƙasa! Ƙasa!"

Idi ya kai saƙo: wai ɗanka ya ce kada ka wahal da kanka da sunkuyawa ƙasa, ga tsufa. Shanu suka ja, farin ƙarfe ya fita tare da fitila ɗaya, wani ƙato ya saɓa shi ya kai tudu yana murna kamar an yi rabin aiki.

Haushi ya cika Shu'aibu har yana jin ɗacinsa a baki. Ya raina tsohon, ya raina Idi, ya raina gardawan da ke tsaye suna gyaɗa kai. Taku kaɗan ne tsakaninsa da igiyar. Ya ɗago ido, ya haɗu da idon surukinsa, ya mayar da kai ƙasa. Mai hankalin kenan a cikinsu.

"Saura wuya," in ji Malam Tanko.

Aka zura igiya ta taga aka fito da ita ta ɗayar. Gilashin gaba ya tarwatse, ƙofa ta lanƙwashe. Ana cikin shawarar a gwada wutsiya sai aka ji rugugi daga kudu. Kowa ya kama gabansa, aka janye shanu da gudu. Daga kan tudu Shu'aibu ya ga ruwa ya bugi motarsa, ya ɗaga ta, ya kwantar da ita a gefe, ya rufe.

Malam Tanko ya naɗe igiyarsa tsaf.

"Idi, ka ce mishi mun yi iyakar yinmu. Motar ce ba ta da ƙashi."

Shu'aibu ya durƙusa cikin laka.

"Na gode, Baba. Allah shi ƙara girma."

Jama'a suka yi ta jinjina, wai Ramatu ta yi dacen miji, duk ƙasar nan babu mai kunya irin tasa. Da la'asar Shu'aibu ya ari riga busasshiya, ya sayi goro, ya tafi da ƙafa gidan tsohon don yi masa sannu da wahala.