Lambun da Ya Ɓuya wa Tauraro

A wurin aiki ana ce mata Dakta, a gida Yaya, in kuwa Inna ta tashi tsokana sai ta ce Mai Leƙen Sama. Aikinta karanta tsirrai daga hotunan da tauraron ɗan'adam yake ɗaukowa. Tauraron ba ya ganin ganye ɗaya-ɗaya. Yanka ƙasa yake yi ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo kamar faɗin tsakar gida, ya auna hasken da ganye yake mayarwa. Inda ganye ya ƙoshi da ruwa sai ɗigon ya fito kore shar a allon kwamfuta, inda ya sha ƙishi ya yi rawaya, inda kuwa aka share aka zuba siminti ya yi fari fat.

A kan wannan allo Dakta ta yi furfura. Ta sha hango fari tun manoma ba su fara kallon sama ba, ta sha gano dajin da ake sarewa a ɓoye. Kuma babu ɗalibin da ya wuce ta hannunta bai haddace dokarta ba: kada ka yarda da ɗigo sai ka je ka taka shi da ƙafarka.

Amma akwai ɗigon da ita kanta ta daɗe ba ta taka ba. Duk ranar da sabon hoto ya iso, kafin ta taɓa aikin kowa, sai ta ja taswira zuwa wasu 'yan ɗigo a bayan gidansu, can garin da aka haife ta. Lambun marigayi Babanta ne, lemo da gwaiba, gajerun bishiyoyi da ya dasa da hannunsa. Ko rani ya ƙone komai, nan kore yake, don ƙaninta Auta ba ya wasa da ban ruwa. Da ta gani sai ta ɗauki waya.

"Inna, na leƙo ku. Lambu ya yi kyau. Talata mai zuwa da hantsi tauraron zai sake bi ta kanku."

"To madalla. Ke kuma yaushe za ki bi ta kanmu?"

"Haba Inna, ai kullum ina ganinku."

Kuma har ga Allah ta yarda da hakan. Mai ilimi in ya tashi ruɗin kansa, da hujja yake yi.

Ran nan hoto ya iso, ta ja taswira kamar kullum, tana kurɓar shayi. Sai ta ajiye kofin. Lambun babu. Inda ta saba ganin kore, fari ne fat.

Ta fara zargin gajimare, amma rufin maƙwabta ga shi nan tar. Ta zargi na'ura, amma bishiyoyin bakin titi korensu lafiya lau. Ta san abin da wannan farin yake nufi, ita ce ma take koyar da shi. Sai ta tuna Auta ya taɓa cewa, cikin raha, bayan gidan nan zai yi kyau da shaguna. Nan take ta ɗauki waya.

Ta kira Auta, bai ɗauka ba. Ta kira Inna.

"Inna, me ya sami lambun Baba?"

"Lambu? Ke da kike gani daga sama, ni za ki tambaya?" Ƙit, Inna ta kashe wayar.

Washegari da sassafe suka kama hanya, mijinta yana tuƙi, ita tana shirya faɗa. Ta yi wa Auta tas a gaban gilashin mota kamar yana gabanta, ta huta, ta sake sabo. Mijin, da yake ya san inda yake masa ciwo, ya mai da hankali kan tuƙinsa, har sai da ta tambaye shi ko ba gaskiya ta faɗa ba.

"Gaskiya ce," in ji shi. "Amma ki rage kaɗan, kada ki isa babu saura."

Ba ta yi dariya ba. Gwaibar da take kusa da rijiya take tunawa, wadda Baba ya ce tata ce tun tana 'yar firamare, sai ta juya fuska wajen taga.

Da suka isa ko jakarta ba ta ɗauka ba. Ta yi sallama a tsaitsaye, ta ratsa tsakar gida, ta tura ƙofar baya.

Ƙamshin lemo ne ya fara tarbarta. Ga bishiyoyi nan, ko reshe ba a taɓa ba, sun yi nauyi da 'ya'ya. A gefe kuwa an tara wani tulin kaya: zannuwan gado, labulaye, tsohon tamfol, fararen buhuna da aka ɗinke da juna. Can saman gwaibarta wani zanen gado ya maƙale, Auta kuma, ƙato da gemunsa, yana kan tsani yana fama da shi. Da ya gan ta dariya ta kusa kayar da shi.

"Wallahi Yaya ba ruwana! Umarni aka ba ni. Tun asubar Talata muka yi ta rufe bishiyoyin, har labulen maƙwabta sai da muka ara. Matata har yau ba ta yafe mini zanenta ba."

Dakta ta dubi tulin, ta dubi bishiyoyin, ta dafe ƙirji. Daɗi ya rufe ta. Ita da gwamnatoci suke tambaya, an rufe mata ido da zanen gado! Dariya ta ƙwace mata, hawaye yana zuba, ta rasa wanne za ta fara tsayarwa.

"A'a, Mai Leƙen Sama ce a ƙasa?"

Ta waiwaya. Inna ce zaune kan tabarma a gindin gwaibar, ta miƙe ƙafa, tana ɓare lemo hankali kwance. Ta ƙanƙance fiye da yadda Dakta ta bar ta, ga sanda jingine kusa da ita, wadda ba wanda ya taɓa ambata a waya.

Dakta ta durƙusa. "Inna, kin kusa kashe ni. Kin san abin da na ɗauka?"

"Na sani mana, shi ya sa na yi. Ke kika ba ni rana, kika ba ni lokaci." Ta miƙa mata ɓarin lemo. "Kullum sai ki ce kina ganinmu. Ganye kike gani, 'yar nan. Ni a ƙarƙashinsa nake zama."

Dakta ta ɗaga kai. Ganyen ya haɗe sosai, ko tsagin sama ba a hangowa. Ta cire takalmi, ta hau tabarmar, ta matsa har kafaɗarta ta taɓa ta Inna.

"Auta," in ji ta, "je ka ce a shigo da jakata."