An Mayar wa Mai Zarto da Kayansa

Ina shiga ɗakin, wani fallen rufi ya sake fashewa a ƙarƙashin taga. Maƙwabcina Mai Zarto yana jingine da matasai, baki buɗe, ƙirjinsa sai hawa da sauka yake.

"Wane ne kuma?" ya tambaya.

"Direba ne," in ji matarsa. "Ya kawo rufin kicin ɗinsa."

Shekarun baya, da aka rushe tsohuwar masana'antar da ke bayan layinmu, shi ya sauke rufinta. Fallayen asbesto ne, farare masu kauri. Ya rarraba mana su kyauta. Gida-gida ya riƙa bi da zartonsa yana yanka wa kowa daidai buƙatarsa, ya fito fari fat har gira, muna yi masa tsiya. Wani ya rufe banɗaki, wata ta rufe akurki. Nawa yana kan rumfar da nake ɗinki.

Bara sai tari ya kama shi, sai rama. Likita ya ce ƙurar yankan ce ta zauna masa a huhu har ta zama ciwon daji. Matar ta faɗa wa maƙwabciyarmu Mai Kaji a asirce, kafin yamma layi ya ɗauka. Tun daga nan aka fara dawo masa da fallayen ana jefarwa a ƙarƙashin tagarsa.

Matar ta leƙa ta taga. "Don Allah ku daina fasawa! Likita ya ce fasawar ce ke tayar da ƙurar."

"To ku shaƙi abinku," in ji Direba ta cikin tsumman da ya ɗaure hanci da shi. "Mun gode da kyauta. Ashe likkafani aka raba mana."

"Shi ya sa kajina suka daina ƙwai!" Mai Kaji ta ɗora daga bayansa. Aka kwashe da dariya.

Matar ta ja taga ta rufe, ta cusa tsofaffin zannuwa a kowace kafa. Ɗakin ya ɗau zafi nan da nan.

"Buɗe," in ji Mai Zarto.

"Ba zan buɗe ba, maigida. Akwai jinjiri a gidan nan." 'Yarsu ce ta zo jinya da goyonta.

Ya daɗe yana tara numfashi kafin ya juyo gare ni. "Tela, kai ma ka kawo naka?"

"Nawa yana inda ka sa shi."

"Yana yoyo?"

"Ko ɗigo."

"Na sani. Ɗauri na yi masa mai kyau."

Kullum in na rufe keken ɗinki sai in je in zauna da shi. Ban da ni ba mai shiga. Tsibin fallaye ya yi ta tashi har ya cinye rabin tagar, iska na kaɗawa sai farin gari ya bi bango. Daga kwance yakan gane na wa aka jefar. "Wannan na banɗakin Mai Wanki ne," zai ce, "sai da na sake yanka shi, ya ce ya yi tsawo."

Ranar ƙarshe leɓɓansa sun yi duhu. Ya kama bakin rigata.

"Tela, kai buɗe min. Ɗan kaɗan."

Na dubi matar. Ta dubi ƙofar ɗakin da jinjirin ke kuka, ta girgiza kai, hawaye na zuba. Na ɗauki mafici na shiga yi masa fifita.

"Wannan ba iska ba ce," ya ce. Bai ƙara magana ba.

Da aka fito da makara, Direba ya ja baya ya ce a dai tabbata an wanke shi sosai.

A makon ne ruwan sama ya sauka, ya jiƙa tsibin sharkaf, ƙura ta kwanta. Matar ta zare zannuwan ta buɗe taga. Daga rumfata ina hango gadon, an naɗe katifa, labule na motsi a kansa. A ƙasan tagar kuma Mai Kaji ce a sunkuye, jiƙaƙƙun kajinta na biye da ita, tana juya fallayen ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda bai fashe ba.