Teburin Bakin Ƙofa

Ranar da Maigida ya fara yi wa ma'aikatansa magana da bakinsa, ranar maɗaba'ar ta fara mutuwa. Litinin ce, ta farko da ya koma aiki bayan rasuwar matarsa.

Maɗaba'ar ɗaki biyu ce. Na gaba ofis, inda yake zama da jan bironsa yana gyaran rubutun mutane kafin a buga. Na baya ɗakin inji, inda ake bugawa, a yanka, a ɗinke. Ƙofa ɗaya ce tsakaninsu, kuma a bakinta aka ajiye teburin matarsa tun ranar da suka buɗe wurin, don babu wani sararin da zai ɗauke shi. Duk mai shiga sai ya karkace ya raɓa. Maigida mutum ne mai jiki, ba ya son raɓe-raɓe, saboda haka bai cika shiga ba. In yana da magana sai ya faɗa mata, ita ta tura kujera baya ta kai. Mama ma'aikatan ke ce mata.

Magana kuwa yana da ita. Ya yi karatu har ya ƙoshi, kuma yana saurayi ya ɗauka shi ne zai buga manyan littattafan da za a riƙa tunawa da su. Abin da duniya ta miƙo masa shi ne katin gayyata, da rasit na masu shago, da kalandar ƙungiyoyin da ke watsewa kafin kalandar ta ƙare. Haushin bai sami wurin zuwa ba, sai ya taru masa a harshe.

"Je ki gaya wa Tawada," haka zai ce, yana riƙe da takarda da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, "in makaho ne ya haɗa wannan shuɗin, da ya nemi gafarar jama'a."

Sai ta tashi ta shiga, ƙarar inji ta haɗiye ta. In ta fito ta ce, "Ya ji, zai gyara." Kuma a gyara ɗin.

Da haka Maigida ya yi shekaru yana ganin kansa gwanin riƙe ma'aikata. Har wa'azi yake yi wa sauran masu sana'a. "Ma'aikaci ba lallashi yake so ba, gaskiya yake so. Ku dubi nawa. Ban taɓa shafa wa magana mai ba, kuma ba wanda ya taɓa tafiya."

Tawada shi ne tsohon mai injin. Sunan ya bi shi ne don baƙin tawada ya shige tsagun hannunsa, sabulu ya haƙura. Injin kuwa ya girmi yawancin masu kawo aiki, ga shi da halin tsohon jaki: mutum ɗaya ya sani. Tawada kan kara kunne ya ce yau yana jin sanyi, a bar shi ya ɗumama. In wani ya taɓa shi, sai ya tauna takarda ya tofar.

A Litinin ɗin nan an kawo wa Maigida gwajin wata kalanda. Ya ɗaga ta a hasken taga, ya ga jan ya zarme, fuskokin shugabannin ƙungiyar duk sun yi kamar an mare su. Ya juya wajen ƙofa ya ce, "Je ki gaya wa..." sai ya tsaya. Kujerar na nan a ture ƙarƙashin tebur. Almakashinta na nan, da kofin da take zuba birai a ciki.

Ya tashi, ya tsuke ciki, ya raɓa ya shiga.

"Tawada, wannan kalanda ce ko hoton waɗanda suka yi hatsari? Mutum ya tsufa a kan inji, amma har yau bai san ja ba."

Bai ɗaga murya ba. Bai ma yi fushi ba, maganar kowace safiya ce. Amma Dogo mai ɗinkin littafi ya tsaya da allura a sama, yarinyar da ke kan kwamfuta ta daina bugawa. Tawada ya dube shi kamar wanda karen gidansu ya ciza. Ya goge hannu da tsumma a hankali, ya ce, "To, Maigida. Allah ya ƙara haƙuri."

Maigida ya koma ofis yana mamakin abin da ya kawo haƙuri cikin maganar ja.

Mai Kwamfuta ce ta fara tafiya. Ta tsallake harafi ɗaya a sunan wata makaranta, ya tambaye ta wace makarantar ce ita ta yaye ta, don a kai ƙara. Ta yi kukanta a banɗaki, wata na ƙarewa ta ce mijinta ya hana ta aiki. Bayanta Dogo ya bi, shi da aka ce wa ɗinkinsa ba zai riƙe ko wandon mahaukaci ba. Ba a jima ba aka ga su biyun a sabuwar maɗaba'ar da wani matashi ya buɗe a bayan kasuwa, mai gilashi a gaba da fitilu masu launi. Maigida ya ce ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bai tsaya tambayar wa ya tsaga bangon ba.

Ƙanwar matarsa kan kawo masa abinci da rana. Ita kaɗai ce ba ta tsoron bakinsa, don nata bai fi nasa laushi ba. Wata rana ta leƙa ɗakin inji, ta ga Tawada shi kaɗai yana bugawa yana kwashewa.

"Mijin Yaya, ina mutanenka? Ko ka gyara su ne da jan biro har suka goge?"

"Kwaɗayi ya ja su. Yaron bayan kasuwa ya nuna musu gilashi."

"Gilashi." Ta ajiye kwanon da ƙarfi. "Kai dai ka riƙe tsohon nan hannu biyu. Ranar da ya fita, injinka sai masu sayen tsohon ƙarfe."

"Ina za shi? Mun saba. Ya san halina."

"Halinka ya sani?" Ta dubi teburin bakin ƙofa, ta dube shi. "Aiki biyu Yaya ta yi a wurin nan. Ɗaya ka sani."

"In wa'azi ne, ki bari in ci abinci tukuna."

"Ci. Wanzami dama ba ya son jarfa."

Abin ya faru wata ranar da aka ɗauke wuta da la'asar. Injin ya yi shiru, har ana jin masu talla a titi. Maigida na duba wani rubutu a bakin taga sai ya ji motsin tebur. Tawada ne ya raɓo, abin da bai saba ba. Ya tsaya riƙe da hularsa, sai da aka nuna masa kujera ya zauna a gefenta.

"Maigida, yaron bayan kasuwa ya aiko mini. Na ce masa a'a. Na zo in gaya maka ne don kada ka ji a bakin wani."

"Madalla."

"Su Dogo ma na yi musu faɗa. Na ce yara ba ku da haƙuri. Mutum ya yi rashi irin wannan, dole bakinsa ya yi ɗaci. Na ce wannan da kuke ji ba halinsa ba ne. Ni na san halinsa." Ya yi murmushi, ya juya hular a hannunsa. "Na ce musu, mutumin da ya aiko Mama ta ce mini hannuna ya fi na wanda ya ƙera injin? Lokacin da muka buga littafin nan na asibiti, ka tuna, mai hotuna. Ka ce a gaya mini ko a ina aka kai shi ba za mu ji kunya ba. Shekarar da matata ta kwanta kuma, ka ce wurin nan ba gini ba ne, Tawada ne. Har gida na kai wannan maganar. Tana kan gado na faɗa mata, ta yi dariya ta ce ashe ba a banza nake ɓata mata zannuwa ba."

Maigida ya ji abin ya sauko masa gaba ɗaya, kamar an buɗe ƙofar da ya yi shekaru yana jingina da ita. Ya ga matarsa tana tura kujera baya. Ya ga tazarar da ke tsakanin teburinta da injin, 'yar tafiya kaɗan, wadda a cikinta take sauke abin da ya ɗora mata ta ɗauki wani.

Abin da ake bukata a wurinsa kaɗan ne: ya gyaɗa kai kawai. Ko ya yi shiru ma ya isa, tsohon ya riga ya kawo nasa uzurin ya shimfiɗa masa. Amma Maigida ya yi rayuwarsa kaf yana farautar kuskure a rubutun mutane, bai taɓa ganin an jingina wa wani maganar da ba tasa ba ya bari ta wuce. Hannunsa ma ya riga ya kai kan jan biron.

"Ban faɗa ba," ya ce.

"Na'am?"

"Ba ni na faɗa ba."

"Wacce daga ciki?"

"Ko ɗaya."

Tawada ya daina juya hular. "To in ka aike ta, me kake cewa?"

Nan ma akwai hanyar fita, ya gan ta sarai. Sai dai an yi masa tambaya, shi kuma bai iya ba da amsar da ba daidai ba.

"Abin da kake ji yanzu."

"Tun farko?"

"Tun farko."

Tsohon ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, kamar yau ya fara ganin baƙin. Sannan ya juya ya dubi kujerar da ke ture ƙarƙashin tebur.

"Allah ya jiƙan Mama," ya ce. "Ashe ita na yi wa aiki."

Aka kawo wuta a daidai lokacin, fanka ta fara juyi. Ya tashi ya sa hularsa ya koma ciki.

Tawada bai tafi da fushi ba, wanda da ya fi sauƙi. Ya ƙarasa duk aikin da ke hannu. Ranar ƙarshe ya wanke injin, ya zuba masa mai, ya lulluɓe shi da tampol kamar mai rufe yaro, ya manta tsohon tabaraunsa a kai. Ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya ce a yafe masa in ya taɓa yin ba daidai ba. Maigida ya ce ba komai. Wannan ma gaskiya ce, shi ya sa ta fito.

Ya ɗauko wani mai injin, injin ya tauna takarda. Ya ɗauko na biyu, wanda ya ce shi ya san kan kowane inji, ya kwance wani abu a ciki ya kasa mayarwa. Masu kalanda suka koma bayan kasuwa, masu rasit suka bi su. Maigida ya sami abin da ya daɗe yana cewa yana so, wato lokacin karatu, ya tarar ba ya iya wuce shafi ɗaya.

A zaman nan ne ya tuna littafin asibitin. Ya ɗauko kwafin da ya ajiye, ya kai bakin taga. Ya tuna ranar da aka kawo masa shafin farko: ya ɗaga shi a haske yana neman aibu, ya juya, ya sake juyawa, bai samu ba. Ya ajiye bai ce komai ba, don shi a wurinsa aikin da ba shi da kuskure ba shi da abin faɗa. Da ya ɗago, ya ga matarsa na kallonsa ta saman tabarau. Ta tura kujera baya ta shiga, ba tare da ya aike ta ba.

Washegari ya sa rigarsa mai kyau ya nufi bayan kasuwa, inda Tawada ya koma aiki. A hanya yana ta gyara jimlar da zai faɗa masa a ransa, ya cire kalma, ya mayar, har ta tsaya yadda ba za a iya rage mata komai ba.

Ta cikin gilashin ya hango Tawada a can ƙurya, ya ba da baya, ya kara kunne a jikin wani sabon inji da ba ya bukatar a saurare shi. Matashin mai wurin ya tare shi a ƙofa da fara'a, har da ɗan rusunawa.

"Baba, yau kai ne a wurinmu? Sannu da zuwa."

"Tawada nake son gani."

"Ai ba a shiga ɗakin inji, Baba, doka ce. Kuma aikin gaggawa ke gabansa. Faɗa mini, in isar masa."

Maigida ya dubi yaron, fuska sumul, biro a aljihu, yana jira. Ya dubi ƙeyar tsohon ta gilashi. Jimlar na bakinsa, amma ba irin wadda ake ba ɗan aike ba ce, kuma mai iya ɗaukar irinta ta riga ta tafi.

"Ka ce masa tsohon tabaraunsa na wurina."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ba a aiko karɓar tabarau ba. Kafin shekara ta juyo masu tsohon ƙarfe suka zo, sai da aka fitar da teburin bakin ƙofa kafin injin ya sami hanya. Daga baya ƙanwar matarsa ta kawo labarin cewa ɗan Tawada ya zo ya tafi da shi wani gari mai nisa, idonsa ya yi rauni, ba wanda ya karɓi lambarsa.

Tabaraun na nan cikin kofin birai. Jimlar ma na nan, ba kuskure ko ɗaya a cikinta, ba wanda zai karanta:

"Ban faɗa ba, Tawada, amma ba ƙarya ta yi maka ba."