Taurarin Yaya

Auta ce ke yin kitson, amma sunan Yaya ne a waya. Lokacin da ta gama sakandare shekarunta ba su kai a ba ta katin shaida ba, ita kuwa manhajar da ke tura masu kitso gidajen mutane ba ta karɓar kowa sai da kati. Sai aka buɗe asusun da na Yaya. Tun daga nan Auta ke ratsa gari da jakar mataji da kibiya da mai, tana hawa benen mutane, tana durƙuso a kan tayil har gwiwoyinta suka yi kanta. Duk matar da ta ji daɗin hannunta sai ta danna taurari biyar, su taru a ƙarƙashin sunan Yaya.

Abin bai taɓa damunta ba sai ranar da saƙo ya shigo. Bankin da ke hulɗa da manhajar ya duba tarihin aiki, ya ce mai wannan asusu ta cancanci rancen kayan shago da inshorar lafiya. Yaya ta ci ado ta je aka ɗauki hotonta.

Kujerar kitson da aka saya da rancen ta iso da hantsi, baƙa, mai juyawa, ko ledarta ba a cire ba. Yaya ta ɗare kai tana ta wulwulawa a ɗakin gaba.

"Auta, zo ki hau ki ji. Kamar a jirgi."

"Kin taɓa shiga jirgin ne?"

"Ke dai baƙin ciki ne zai kashe ki."

"Yaya, ke da ko kan 'yar tsana kika kama sai ta yi kuka."

Umma na ninke wanki ta ce, "Ba duk gida ɗaya ba ne? Na yayarki ai naki ne."

"To katin asibitin fa, Umma? Ranar da bayana ya riƙe, fuskar wa za su duba?"

Umma ta ci gaba da ninkinta.

Maƙwabta suka yi ta shigowa ganin kujera, suna shi wa hannun Yaya albarka. Auta na zaune a bakin ƙofa, yatsunta na zugi. A ranar ta ɗauko katinta, wanda ya daɗe da fitowa, ta buɗe asusu da sunanta.

Babu tauraro ko ɗaya. Sunanta na can ƙasan jeri, na Yaya a sama. Kwanaki suka wuce ba wanda ya neme ta. Takan buɗe shafin Yaya ta karanta yabon: hannunta ba zafi, ta iya da yara, ba ta latti. Ta san kan kowace matar da ta rubuta, har inda gashinta ya karye.

Wata safiya wayar Yaya ta yi ƙara.

"Tashi, Auta. Matar likitan nan ce, ita da 'yan matanta uku."

"Ke ta nema."

"Kin fa san idan taurarin nan suka zube aiki ya tsaya, kujerar za su zo su ɗauke."

"Na sani."

Ita ma Auta wayarta ta yi ƙara tun jiya, karon farko. Wata tsohuwa ce a ƙarshen gari, tsifa da wankin kai kawai take so, aikin da ko kuɗin mota da ƙyar zai mayar. Auta ta raba kayan jakar biyu, ta ajiye wa Yaya mataji da kibiya ɗaya a kan tebur, ta rataya sauran.

Yaya ta ɗauki kibiyar tana juya ta. Muryarta ta yi ƙasa.

"'Yar ƙanwata, daga gaba ake fara tsagar ko daga ƙeya?"

Amsar ta zo wa Auta har baki. Ta kalli Umma, wadda ta ƙi ɗago kai, sannan ta zura takalmanta.

"Tambayi bankin, Yaya. Su suka ce kin iya."

Ta fita neman mota.