Kukan Kyanwa a Shagon Gyaran Gashi

Da farko Anti Mai Salun ta ɗauka kyanwa ce ta haihu a shagonta. Duk sanda ta sunkuya a kan kwastoma, sai a ji wani siririn kuka. Ita da ƙanwarta Doguwa, wadda suke aiki tare, suka janye kujeru, suka leƙa bayan madubi, har kwandon tawul suka zazzage. Ba kyanwa, ba dalilinta.

Wata dattijuwa da ake busar wa gashi ce ta miƙo wuya ta ce, "'Yata, ɗan yi shiru. To, ja numfashi."

Anti ta ja. Kukan ya fito.

"Ai ga kyanwar taki nan a ƙirjinki."

Doguwa ta yi dariya har da zama a ƙasa. Anti ma ta so ta yi, tari ya hana ta. Ba ranar ta fara shi ba. Shagon ɗan ƙarami ne, tagarsa ɗaya, ita ma allon hotunan kitso ya toshe ta. Ranar da amare suka yi yawa, feshin gashi kan turnuƙe ɗakin har ta ji ɗacinsa a maƙogwaro. Ga shi hannunta ba ya tausayin gwangwanin feshi. A wurinta gashin da bai sandare ba bai gyaru ba.

A asibiti likita ta saurari ƙirjinta, ta tambayi sana'arta, sannan ta ce, "Abin da kike fesa wa mutane, ke kike shaƙe rabinsa. Huhunki ma ya sha gyara." Ta rubuta mata maganin shaƙa, ta ce ta buɗe taga, ta rage feshi, ta riƙa sa takunkumin fuska.

Aka cire allon, feshi ya koma baranda. Sannu a hankali tarin ya lafa, ta daina tsayawa hutu a tsakiyar matakala.

Takunkumin ne ya zame mata aiki, domin Anti ba ta iya gyaran gashi ba hira. Kwastomomi suka yi ƙorafin ba sa jin gulmar sosai. Sai Doguwa ta zama tafinta: Anti ta yi gunguni, ita ta fassara, tana ƙara gishiri.

Rannan Anti ta gaji, ta janye takunkumin.

"Ke Doguwa, yaushe na ce mai chemist ɗin layinmu ya yi wa gashinsa rini?"

"Yaya, da ido kika faɗa."

Matar da ke kan kujera ta ce, "Don Allah Anti mayar da shi. Labarin Doguwa ya fi daɗi."