Laraba Ba A Niƙa

Ina tsaye a ƙofar gidan Mai Inji da bokitin tattasai a hannu, ina dukan ƙyaure kamar wadda aka biyo. Daidai saman kaina ga rubutu da farin fenti: LARABA BA A NIƘA. Kuma ranar Laraba ce. Abin kunyar ma, ni na yi rubutun nan da hannuna, wata biyu da suka wuce.

Ta buɗe. Ɗankwalinta ya zame, rabin kanta kitso, rabi a tsefe, yadda na bar shi makon jiya.

"Yaya, nawa kaɗai," na ce. "Baƙi ne suka faɗo mini. Minti biyar."

Ta dubi bokitin, ta dube ni, ta yi 'yar dariya. "Har da ke, Uwar Magana?"

"Haba, ai ni ba bare ba ce."

"Duk layin nan babu bare," in ji ta. Ta karɓi bokitin.

Babu wasu baƙi. Ƙiwar takawa zuwa injin bakin titi nake yi, shi ke nan.

Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ni kitso nake yi, ita niƙa da markaɗe. Mijinta, wanda kowa ke kira Direba, shekara huɗu ke nan yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ba ta fita. In yana son ta sai ya buga cokali a jikin kofi. To, a tsakar gida inji, a ɗaki cokali, a ƙofa mu. 'Ya'yanta biyu suna can nesa, kowa da abin da ya dame shi. Su kira a waya su ce, "Mama, ki riƙa hutawa." Ta ce, "To," ta ajiye wayar, ta ɗauki bokiti na gaba.

Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a gindin injin, ni na kai ta asibiti. Likitar, wata siririya mai tabarau, sai da ta auna jininta sau biyu.

"Mama, yaushe rabonki da ki yini ba ki yi aiki ba?"

Yaya ta ɗan yi tunani. "Ranar da na haifi autana."

Ni na yi dariya. Likita ba ta yi ba. "Jininki ya hau sosai, kuma magani kaɗai ba zai yi ba. Ko rana ɗaya ce a mako, ki ajiye komai. In kin ƙi, wata faɗuwar ba za ki tashi ba."

A hanyar gida na tambayi Yaya me za ta yi da ranar.

"Kitso," ta ce, ko tunani ba ta tsaya yi ba. "Ƙanana, irin wanda ake yini ana yi. In zauna wani ya taɓa kaina, ni ban taɓa komai ba."

Da yammar nan na ari fenti na rubuta mata a ƙyaure.

Laraba takwas muka yi, ba mu taɓa gama kan nan ba. Da na yi layi huɗu ko biyar sai a buga ƙofa. Wannan wakenta ya jiƙu, zai yi tsami. Waccan mai sayar da abinci ce, masu saye na jira. Wata tsohuwa ce, ƙafa ba ta kai ta bakin titi. Duk bakinsu ɗaya: nawa kaɗai. Ita kuma Yaya Allah bai sa mata a'a a baki ba.

"In na hana ta, me 'ya'yanta za su ci?" Sai ta zare kanta daga hannuna ta miƙe.

Ni kuwa in bi su da baƙar magana, ina cewa mutanen layin nan ba su da tausayi ko na ƙwayar zarra. Laifi tudu ne. Yau ga ni da nawa bokitin.

Sai da ta ja igiyar injin sau biyar kafin ya tashi. Na ga ta dafa bango, ta runtse ido.

"Yaya, lafiya?"

"Kaina ne ke sara tun safe. Ba komai, miƙo ruwan."

Na so in ce ta bari. Wallahi maganar ta zo har bakina. Amma tattasan ya riga ya shiga, sai na tsaya ina kallon yadda yake zuba. Tana kashe injin cokali ya fara. Ta shiga, ta juya Direba, ta ba shi ruwa, ta fito tana goge hannu a zaninta. Da na ga yadda take jan ƙafa, kunya ta rufe ni.

"Zauna," na ce. "Yau ko sama da ƙasa za su haɗu sai na gama kan nan."

"Baƙin naki fa?"

"Su ci kansu."

Na saka sakata, na shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, na hau kujerar tsugunno. Ta zauna tsakanin ƙafafuna. Na warware tsohon kitson, na shafa mai, na fara tsaga daga goshi. Furfura ta cinye gaban kan, ban taɓa lura ba sai ranar.

"Hannunki da daɗi," ta ce. Can kuma ta ce, "Kin san abin da nake sha'awa? In yi barcin rana, in farka don kaina, ba don an kira ni ba."

"To yi mana. Ni ce mai gadi."

Ta jingina kanta da gwiwata. Ba a jima ba ta fara minshari mai nauyi, irin wanda ban taɓa ji daga gare ta ba. Na ce a raina gajiyar shekaru ce ke fita.

Aka buga ƙofa.

"Ba a niƙa!" na ce daga zaune.

"Don Allah, nawa kaɗai ne…"

"Ko ƙwaya ɗaya ce! Ba ku iya karatu ba ne? Inji ɗaya ne a duniya?"

Mutum uku na kora a yinin nan, ina jin kaina kamar wata jaruma. Minsharin ya lafa, ban san lokacin ba. Kan ya yi nauyi, amma duk mai kitso ta san nauyin kan mai barci. Na riƙa juya shi a hankali, ina lallaɓa kowane layi don kada zafi ya tashe ta. Ban taɓa yi wa kowa kitso mai kyan wannan ba.

Inuwa ta kai tsakiyar gida lokacin da na kama jelar ƙarshe. Na ɗauko madubi na riƙe a gabanta.

"Tashi ki ga kanki, amarya. Yau Direba sai ya yi magana."

Ba ta motsa ba.

"Yaya."

Na taɓa kumatunta. Na kama hannunta, ya zame daga nawa ya faɗi kan tabarma. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yau ban san a layi na nawa ta tafi ba. Shi ne abin da ke cin raina. Ko ina tsakiyar yi wa mutane masifa ne, ko tun kafin nan, ni dai ina ta kitso ina yabon hannuna.

Ban yi ihu ba. Na kasa ko motsa ƙafata, kamar har yanzu ina tsoron in tashe ta. Bokitin tattasaina yana gindin injin inda ta ajiye mini, ƙudaje sun fara sauka a bakinsa. Kanta na kan gwiwata, kitson ya kwanta lumui, mai yana sheƙi.

Daga cikin ɗaki cokali ya fara bugun kofi, a hankali.