Mai Walda a Bayan Jan Layi

Shekara goma sha tara Mai Walda ya yi a ɗakin gwaji na jami'a, kuma babu ƙusa ɗaya a ɗakin nan da ba ta san hannunsa ba. Shi ya lanƙwasa bututun da ruwan ƙarfen yake gudu a ciki, wani ƙarfe mai sheƙi kamar zaiba, wanda yake a narke ko ba a sa masa wuta ba. Da an tayar da famfo sai ruwan ya birkice, ya yi ta ƙananan juyi ta ko'ina. Aikin Farfesa, shugaban ɗakin, shi ne gano yadda maganaɗisu yake ladabtar da wannan hargitsi. Bayaninsa a allo yakan ci awa biyu. Mai Walda kuwa a numfashi ɗaya yake gamawa: ruwan yana ɗaukar lantarki, in ya motsa a gaban maganaɗisu sai lantarki ya taso a jikinsa ya riƙe masa ƙafa.

Shi da tafin hannu yake nasa karatun. Ya ɗora a bututu, ya ji yana tsuma. In aka matso da ƙaramin maganaɗisu tsumar ta ragu, amma a ƙarƙashinta yakan ji wani motsi mai nauyi yana son tasowa. Tun tuni yake cewa in aka samu babban maganaɗisu, ƙananan juyin za su mutu, su bar manya suna tafiya a natse. Farfesa ya fara yi masa dariya, daga baya ya zauna ya yi lissafi, ya daina dariyar. Shekara bakwai suka yi suna jiran babban. Da ya iso, Mai Walda ne ya ƙera masa mazauni, shi ne kuma ya ja jan layi a bakin ƙofa, ya ajiye faranti a kan teburi: makullai, agogo, waya, duk wani ƙarfe, a nan ake barinsa. Ba ya neman komai face ya ɗora hannu a bututun ranar da za a kunna, ya ji da fatarsa ko ya yi gaskiya.

Saura wata biyu a kunna, ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana ɗaura takalmi. Likita ya ce zuciyarsa tana tsallake bugu, sai an dasa masa wata 'yar na'ura mai batir a ƙirji. Ya so a ɗaga aikin dashen, matarsa ta ce bai isa ba.

"Maigida, bututu ne zai riƙe min 'ya'yan nan? A sa maka abin, in ya so ka yi ta fushi da ni kana raye."

Aka sa. Ranar sallama likita ya lissafa masa dokoki, ta farko ita ce kada ya kusanci babban maganaɗisu, don yana iya rikita na'urar. Waldar ma ya ce a jingine ta.

Ranar kunnawa Mai Walda ya riga kowa zuwa. Ya cire agogonsa ya sa a faranti kamar kullum, ya ɗaga ƙafa. Farfesa ya tare ƙofa.

"Haba Malam, kai fa ka ja layin nan."

"Ranka ya daɗe, minti ɗaya. In taɓa in fito."

"Ka faɗi a ciki in ce wa iyalinka me? Zauna nan, ka duba mana farantin."

Ya zauna. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ga shi ba wanda zai zaga, don kowa gaskiya ya faɗa masa. Ta cikin ƙofa ya ji famfo ya tashi, ya ji gurnanin maganaɗisun, sai shiru, sai ƙarar tafi. Hannunsa na dama yana kan gwiwa a buɗe, bai ma sani ba.

Farfesa ya fito baki har kunne.

"Maganarka ta fito, Malam! Ƙananan sun mutu murus, manyan sun miƙe sun jeru, suna juyawa a hankali."

"Yaya aka ji shi a hannu?"

"A hannu?"

"Bututun. Wa ya taɓa?"

Farfesa ya waiwayi ɗalibansa, suka kalli juna. Mutum takwas, hannu goma sha shida, ba wanda ya tuna.

"Ai ba sai an taɓa ba, ga shi nan duka a kwamfuta. Za a buga maka a takarda."

Aka buga masa, wasu layuka masu hawa da sauka. Ya ninke ya sa a aljihu bai duba ba.

Ba a kore shi ba, ai mutanen kirki ne. Kujera aka sayo masa mai laushi, aka ajiye kusa da teburin. Kullum da safe ɗalibai su gaishe shi da ladabi, su zube makullansu da wayoyinsu a faranti, su tsallake jan layi. Wata sabuwar ɗaliba ta taɓa tambayarsa ko akwai wani abin kuma da ba a shiga da shi.

Ya ce, "Akwai, 'yata. Ni."